Darasi na 12: Haɗa wa Yaro Shigar Ɗan Katun a Gida

A ƙarshen zangon karatu, makarantun ƙananan yara da yawa sukan sako takarda a jakar ɗalibi: ranar kaza akwai biki, kowa ya zo da shigar wanda yake so a katun. Sau da yawa takardar takan iso gida saura kwana uku ko huɗu. Yaro ya riga ya zaɓi nasa tun a hanya, ya shigo yana ta zuba, uwa kuwa tana riƙe da takarda tana lissafin abin da ya rage a kuɗin cefane. Ana sayar da irin kayan nan a shagunan kayan yara, 'yan waje, a cikin leda. Sai dai kuɗinsu ba na kowa ba ne, kuma yawancinsu yadin roba ne mai santsi wanda ba ya shan gumi. A sa sau ɗaya, a jefa ƙasan akwati, kafin baɗi sun yi wa yaro kaɗan.

A wannan darasi za mu haɗa namu da hannu. Duk wanda ya iya zura zare a allura zai iya, keken ɗinki sauri kawai zai ƙara masa. Za mu kuma taɓa awon inci da muka koya a darasin lissafi, saboda haka kowa ya ajiye tef ɗinsa kusa.

Alama uku sun isa

Ku tuna da tashe. Idan azumi ya kai goma, yaron da zai fito a tsoho ba ya zuwa wurin tela. Auduga ce za a manna masa a haɓa, a cusa masa tsumma a baya ya zama doro, ya ɗauki sanda yana dogarawa. Tun daga bakin zaure matan gida sun san tsoho ne ya shigo. Ba wanda ya taɓa cewa ai fatarsa ba ta yamutse ba, ko haƙoransa duk suna nan. Gemu da doro da sanda sun gama magana.

Masu zana katun ma da wannan dabara suke aiki. Ɗauki Mickey Mouse, ɓeran nan da Walt Disney da abokin aikinsa Ub Iwerks suka ƙirƙira a Amurka a 1928. A lokacin da hannu ake zana kowane motsi, hoto bayan hoto, dubbai, don haka dole siffarsa ta zama mai sauƙin maimaitawa: babbar da'ira ɗaya ita ce kai, ƙanana biyu su ne kunnuwa. Ko ta ina ya juya, kunnuwan nan a zagaye ake ganinsu. Fim ɗin da ya fito da sunansa, Steamboat Willie, baƙi da fari ne, kuma a cikinsa ba shi da safar hannu. Sai a 1929 aka sa masa farar safa, saboda jikinsa baƙi ne, hannunsa baƙi ne, idan ya ɗora hannu a ƙirji ba a ganin abin da yatsun suke yi. Da fim mai launi ya zo, aka san shi da jan gajeren wando mai manyan maɓallai biyu a gaba da takalma ruwan ɗorawa.

Shi ya sa na zaɓe shi ya zama misalinmu. Kunnuwa zagayayyu, jan wando mai maɓallai biyu, farar safar hannu. Idan waɗannan suka samu, duk yaron da ke ajin zai nuna ɗanki da yatsa ya kira sunan. Sauran abubuwa ƙari ne.

Kafin ki yanka komai, ki zauna da yaron ki ce ya faɗa miki yadda ɗan katun ɗin nasa yake. Abin da ya fara ambata shi ne alamar da ba za ki bari ba. Ko ki ba shi takarda ya zana. Yara ba sa zana abin da bai dame su ba.

Kayan aiki

Ki fara da bincike a gida kafin ki nufi kasuwa. Ana bukatar baƙar riga mai laushi irin ta auduga wadda yaron zai sa, da wata tsohuwar baƙar riga da za a yayyanka. Sai jan yadi rabin yadi, wato inci 18, da ɗan farin ƙyalle, da roba ta wando, da kwalin taliya ko na sabulu mai kauri, da farin gam na kafintoci. Sai farar safa ƙafa biyu, allura, basilla, zare baƙi da ja da fari, almakashi, alli da tsohuwar jarida. Abin da babu a gida, dilar gwanjo tana da shi: mutanen Kano sun san Ƙofar Wambai, na Kaduna sun san Kasuwar Barci, kuma kowane gari yana da tasa. Farin ƙyalle kuwa kada ki saya. Telan unguwarku yana share irinsa kullum da yamma, in kin tambaya zai ba ki.

Kada ki kusanci gam ɗin nan mai kamawa nan take, na ɗan ƙaramin bututu. Yana manne yatsu, kuma idan ya zuba a kan auduga yakan ɗau zafi har ya ƙona fata.

Kunnuwa

A nan za mu daɗe, domin shigar gaba ɗaya a kansu ta rataya.

Ki nemo wani abu zagayayye mai faɗin inci 4, kamar bakin kofin silba ko marfin gwangwanin madarar gari. Ki kifa shi a kan kwali ki zagaye da biro. A ƙasan da'irar ki zana ɗan harshe mai faɗin inci 2 da tsawon inci 1, manne da ita. Irin wannan guda huɗu za ki yanka, biyu na kowane kunne.

Karon farko da na haɗa wa ɗana, falle ɗaya na yi amfani da shi na kwalin biskit. A gida sun tsaya ƙyam. Kafin mu kai bakin titi iska ta kaɗa su, gumin kansa ya jiƙa gindinsu, ɗaya ya kwanta gaba ɗaya ya kwanta baya. Yaron bai ce komai ba, sai dai yana ta kai hannu yana tayar da su har muka isa makaranta, kuma wannan hannun da yake kaiwa ya fi kuka tsaya mini a rai. Daga ranar na koyi abin da zan gaya muku yanzu.

Ki duba bakin kwalin inda kika yanka. Za ki ga yana da ƙananan ramuka a jere, layi-layi. Kwali yana lanƙwashewa cikin sauƙi ta bin layin nan, amma yana gardama idan aka nemi karya shi a gicciye. Don haka wajen zanawa, falle ɗaya layinsa ya tashi tsaye, ɗayan ya kwanta. In kika manna su da gam, kowanne yana tare wa ɗan'uwansa, kunnen ya yi ƙarfi kamar faranti. Amma harsunan nan biyu na ƙasa kada gam ya taɓa su, ki bar su a rabe. Ki danne da turmi ko tukunya mai nauyi ya kwana.

Da safe ki yanko wa kowane kunne da'ira biyu daga tsohuwar baƙar rigar, kowace ta ɗara kwalin da rabin inci. Ki sa kwalin a tsakiya, ki bi gefe da baƙin zare kina ɗan jan ƙyallen don ya lafe. Yadin irin wannan riga yana miƙewa kuma bakinsa ba ya zarewa, shi ya sa ya fi atamfa ko shadda dacewa da wannan aiki.

Yanzu ki buɗe harsunan, ɗaya ya kalli gaba ɗaya ya kalli baya, kamar ƙafafun mutum da ya tsaya da kyau. Su ne za su riƙe kunnen a tsaye. Idan namiji ne mai aski, abin kama gashi na roba zamewa zai yi ta yi, gara baƙar hula hana-salla, a cire mata baki ko a juya shi baya. Ki huda harsunan da basilla wuri huɗu-huɗu, ki ɗinke su a jikin hular da zare ninki biyu, sannan ki rufe su da ɗan baƙin ƙyalle. Idan mace ce, ki naɗe harsunan a jikin abin kama gashin, ki ɗaure da zare tamau, ki bi da siririn baƙin ƙyalle ki lulluɓe.

Wurin da za su zauna yana da muhimmanci. Ki sa wa yaron hular, ki tsaya a gabansa, ki riƙa gwadawa kafin ki soka allura. Tsakanin kunne da kunne ya zama kamar faɗin yatsunki huɗu. In sun matsu a tsakiyar kai ya koma zomo, in sun gangaro gefe ya koma biri. Ki sa alama da alli, ki cire hular daga kansa, sannan ki ɗinka.

Wando

Awo uku za ki ɗauka: ƙugu, mazaunai, da tsawo daga ƙugu zuwa saman gwiwa. Ki rubuta su a littafinki da lambobi, kada ki ce za ki riƙe a ka.

A ce yaro ɗan shekara biyar, ƙugunsa inci 21, mazaunansa 24, tsawo 11. Wando dole ya wuce mazaunai kafin ya kai ƙugu, saboda haka da 24 za mu yi lissafin faɗi. A ƙara inci 4 na sakewa, ya zama 28. Wandon falle biyu ne, kowace ƙafa falle ɗaya: 28 a raba biyu, 14. Kowane falle a ninke ake yanka shi: 14 a raba biyu, 7. A ƙara inci 1 na ɗinki, 8. To faɗin saman abin da za ki zana a jarida kada ya gaza inci 8. Tsawo kuma, 11 a ƙara 2 na ƙubaka da 1 na kalmasa ƙafa, 14.

Hanya mafi sauƙi ta samun siffar ita ce ki ɗauko gajeren wandon da yake yi wa yaron daidai, ki ninke shi biyu yadda hantsar za ta fito gefe guda kamar ƙugiya, ki shimfiɗa a jarida ki bi da biro. Wajen zana saman, wani ya ja miki robar ta miƙe sosai. Mutane da yawa a nan suke kuskure: su zana ƙugun a tattare, su gama ɗinki, wando ya tsaya a cinya. Ki gwada zanen da lissafinki, in bai kai 8 da 14 ba ki ƙara.

Ki ninka jan yadin, ki ɗora miƙaƙƙen gefen jaridar a kan ninkin, ki yanka. Ki sake yin haka sau ɗaya. Kowane falle ki haɗa cikin cinyarsa ta bai-bai. Sannan ki haɗa ƙafafun biyu ta bin lanƙwasar hantsa daga gaba zuwa baya. Wannan layin ki bi shi sau biyu, domin nan ne yake ɓarkewa idan yaro ya tsuguna. Mai ɗinkin hannu ta riƙa mayar da allura baya kaɗan a kowace suka, ɗinkin ya fi riƙo. Ki kalmasa ƙafafu, ki karya ƙubaka ki bar 'yar kafa, ki yanka roba inci 20, wato ƙugu a cire ɗaya, ki zura ta da fil mai kulle, ki haɗa bakinta ki rufe kafar. Roba ta fi zariya ga ƙaramin yaro, don in fitsari ya matse shi a makaranta ba mai tsayawa kwance masa ƙulli.

Maɓallan ba na gaske za ki sa ba. Ki yanka farin ƙyalle guda biyu masu siffar ƙwai, tsawon inci 2, ki ɗinke su a shafe a gaban wandon, ɗaya dama ɗaya hagu, ƙasa da ƙugu kaɗan. Daga nesa sun fi maɓalli fitowa, kuma ba abin da ƙanensa mai rarrafe zai tsinka ya kai baki.

Hannu, ƙafa da wutsiya

In an samu farar safar hannu ta yara, shi ke nan. In babu, farar safar ƙafa ta wadatar: ki huda gefe babban yatsa ya fito, ki zana gajerun baƙaƙen layuka uku a bayan hannun. Mickey yatsu huɗu gare shi a kowane hannu, amma kada ki haɗe wa yaro yatsu don ya yi kama da shi, zai riƙe kofi, zai kama hannun malama. Takalmi kuma, in kin sa masa safa ruwan ɗorawa a kan takalmi, ki yanke tafinta yadda ƙasan takalmin zai taɓa ƙasa, in ba haka ba santsin tayil zai kwashe shi. In babu ruwan ɗorawa, ya sa takalminsa na kullum, ba wanda zai kalli ƙafa.

Wutsiya siririn baƙin ƙyalle ce, a ɗinke ta kamar hanji, a cusa mata tsumma. Ban da waya a ciki. Kada ta wuce bayan gwiwa, kuma da suka uku ko huɗu kawai za ki maƙala ta. Yara sai sun ja ta. Gara ta cire a hannun mai ja da ta fizgo ɗanki ya faɗi ta baya.

Ga 'ya mace, Minnie Mouse, wadda ita ma a 1928 ta fito, kunnuwansu ɗaya. Bambancin jan siket ne mai ɗigo-ɗigon fari da babban ƙullin jan ƙyalle tsakanin kunnuwa. Marfin kwalbar lemo shi ne ma'aunin ɗigon. Yarinyar da take sa ƙaramin hijabi ta ma fi kowa dacewa: ki sa mata baƙi, ki ɗora kunnuwan a kai, ga baƙin kan Minnie ya fito ba tare da an ƙara komai ba.

Fuska, wuta da zafi

Wata ɗalibarmu ta taɓa kwana biyu tana haɗa cikakken kai da kwali, mai rufe fuska ruf, da 'yan ramukan ido. Aikin ya yi kyau ƙwarai. Ɗanta bai yi minti goma da shi ba ya tuge, fuska sharkaf da gumi, ya ƙi mayarwa. A watan Afrilu zafin garuruwanmu yakan haura digiri 40, kuma yawancin bukukuwan nan a fili ake yinsu ƙarƙashin rumfa. Yaron da aka rufe wa kai ba ya shaƙar iska sosai, ba ya ganin gefensa, ba ya ganin matakala. Ku bar fuskar yaro a buɗe. Ɗigon baƙi a kan hanci da jagira ya isa. Ban da fentin gini, ban da tawadar biro, ban da baƙin tukunya. Kwallin dutse ma ku bar shi, domin irinsa da yawa yana ɗauke da dalma, ita kuwa dalma guba ce ga ƙwaƙwalwar yaro. Leda kuma ko da wasa kada ta je kusa da kansa.

Sai wuta. Sabon kaya yakan sa yaro ya ruga madafa ya nuna wa uwa ko kaka. Auduga sakakkiya da soson katifa suna kamawa kafin ƙiftawar ido, yadin roba kuma narkewa yake ya manne a fata. Shi ya sa ban sa soso a kayan aikinmu ba, ko da yake yana sa takalmi ya yi ɓul-ɓul kamar na katun. Ranar da zai sa kayan, a gaya masa ba zuwa kusa da murhu, risho ko kyandir, kuma babba ya sa ido. Haka nan kada a ɗaura masa komai a wuya da igiya. In ɗan katun ɗin mai mayafi ne a baya, kamar Superman, a maƙala mayafin a kafaɗun riga da ɗinki mara ƙarfi, tsawonsa ya tsaya a ƙugu.

Na san da yawanku za su koma gida yaro ya ce shi Spider-Man yake so, wanda Stan Lee da Steve Ditko suka fito da shi a 1962. Dabarar ba ta canza ba. Jar riga, shuɗin wando, saƙar gizo-gizo. Ki zura kwali a cikin rigar don tawada kada ta huda baya, ki sa ɗigo a tsakiyar ƙirji, ki ja layuka daga ɗigon zuwa ko'ina kamar wayoyin ƙafar keke, sannan ki haɗa su da gajerun layuka masu lanƙwasa, zagaye bayan zagaye, da alƙalamin maka wanda ba ya wankuwa. Ki zana gizon a kan ɗigon. A maimakon hular da ke rufe kai duka, ki yanka jan ƙyalle mai rufe kewayen ido kawai, ramukan su yi faɗi sosai, roba ta riƙe ta baya. Kuma ki zaunar da shi, mahaifinsa ma ya maimaita masa, cewa rigar ba ta sa mutum ya manne a bango. Ɗan shekara huɗu bai gama raba katun da gaskiya ba, ga katanga ga soro a gida.

Kwana ɗaya kafin biki a yi gwaji. Ya sa kayan duka, ya yi gudu, ya tsuguna, ya ɗaga hannu sama, ya zauna a ƙasa ya tashi, ya shiga bayi shi kaɗai ya fito. Ki tambaye shi, "Ina ne yake cizonka?" Ki shafa cikin hular da tafin hannunki, in ƙullin zare ko bakin kwali yana suka ki rufe da ƙyalle. Ki duba ko kin manta fil a jiki. Ranar bikin ki jefa allura da zare a jaka.

Aikin gida

Kowa ya auna yaro ɗaya a gidansu, ya rubuta ƙugu, mazaunai da tsawo a littafinsa, ya yi lissafin faɗi da tsawon wando da tsawon roba kamar yadda muka yi a misali. A tambayi yaron wane ɗan katun yake so, a rubuta alamomi ukun da ya fara ambata, jimla ɗaya ga kowace alama. Mako mai zuwa a zo da fallayen kwali huɗu a yanke, a manne, sun bushe, tare da baƙin ƙyalle da allura. Basilla akwai guda biyu a aji, za mu yi karɓa-karɓa.